Yadda Sabon Mai Bincike Zai Riƙe Kes Ɗinsa Na Farko A Ƙungiyar Agaji

Tun da tallan aikin mai binciken saɓa ƙa'ida ya fara yawa a ƙungiyoyin agaji, musamman masu aiki a Borno da Yobe da Adamawa, tambayar da ake ta turo min kusan iri ɗaya ce: ya ake shiga, kuma in an shiga me mutum zai yi ranar da aka ajiye masa fayil na farko a kan tebur. To ga amsar a jere, kuma don Allah a bi jerin yadda yake, domin a aikin nan in ka yi mataki na bakwai kafin na uku zaka iya jefa wata baiwar Allah cikin masifar da tafi wacce ta kawo ƙara a kanta. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin rubutu amma har da ku mata nake, ku ma aka fi nema.

Aikinka gano abinda ya faru ne ka rubuta shi da hujja. Kamu na 'yan sanda ne, kora ko dakatarwa na shugabannin ƙungiya ne, kai dai ka kawo musu gaskiyar da zasu tsaya a kanta ba tare da wanda ya yi magana ya cutu ba.

1. Shiga aikin

Yawanci digiri suke nema a lauya, akanta, nazarin laifuka, ilimin halayyar ɗan adam ko walwalar jama'a, amma abinda yafi jan hankalinsu shine ka taɓa aikin da ake riƙe sirri da takardu: odita, sashen ma'aikata, kula da mata da yara, ko teburin karɓar ƙorafi a sansani. Da yawa ta teburin ƙorafin nan suka shigo. In kana jin Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Fulatanci ban da Hausa da Turanci, ka sa shi a saman takardarka, kar ka ɓoye shi can ƙasa.

Kwasa-kwasan farko kyauta ne. A shafukan karatu na intanet, Kaya da DisasterReady da Agora ta UNICEF, akwai darussan kare mutane daga lalata da cin zarafi, data kawai zaka kashe ka samu satifiket. CHS Alliance, wata gamayyar ƙungiyoyin agaji, suna da tsarin horar da masu bincike mai hawa-hawa da ake kira IQTS, hawan farko ta intanet ake yi. Masu son ɓangaren zambar kuɗi su kuma satifiket ɗin ƙwarewa a binciken zamba mai suna CFE suke nufa, na ƙungiyar ACFE ta Amurka, wannan da dala ake biya kuma yana da tsada, shawarata ka bari sai ka kama aiki ka nemi ofis su ɗauki nauyi. Tallan aiki kuwa ka duba shafukan ReliefWeb da Impactpool da shafin ita ƙungiyar kanta.

Gargaɗi: duk wanda yace ka turo kuɗin fom ko kuɗin intabiyu ɗan damfara ne. Sannan kar ka ɓoye matsalar da ka taɓa samu a tsohon wajen aiki, tun 2019 akwai tsarin da ƙungiyoyi ke tambayar juna ko an taɓa samun mutum da laifin lalata ko cin zarafi, Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da nata rumbun mai suna ClearCheck.

2. Makon farko, karatu kawai

Kafin ka taɓa kowane kes ka nemi takardu huɗu ka karanta su har su zauna maka: ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata, tsarin bincike na ƙungiyar, tsarin kare mai fallasa, da tsarin riƙe bayanan mutane, wanda a Najeriya yanzu dokar kare bayanai ta 2023 ke bayansa. Ka haɗa da sanarwar Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2003 mai lamba ST/SGB/2003/13, gajeriya ce, ita ce tushen da kusan kowa ya kwafa. A ciki zaka ga mu'amalar jima'i da wanda bai kai shekara 18 ba haramun ce ko da dokar garin tace me, kuma cewa "na ɗauka ta girma" ba uzuri bane, haka musayar kuɗi ko aiki ko kayan tallafi da lalata.

Ka kuma san waye manajan kes ɗinka, wa ke yanke hukunci, wa zaka kira in shi shugaban ne ake zargi.

3. Ƙorafi ya iso

Zai iya zuwa ta akwatin ƙorafi, ta layin waya, ta imel mara suna, ko wani direba ya ja ka gefe bayan sallar azahar. Ko ta ina ya zo, ka rubuta shi a ranar da kalmomin mai maganar, da rana da lokaci da hanyar da ya biyo, ka bashi lamba. Daga nan lambar zaka riƙa kira, sunan mutum baya hawa kan imel ko sunan fayil.

Tambayar farko ita ce akwai wanda ke cikin haɗari yanzu-yanzu? In fyaɗe ne ko makamancinsa, bincike ya jira, asibiti ne gaba: maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa cikin awa 120. Ka haɗa ta da masu kula da waɗanda aka ci zarafinsu, da yardarta. Taimakon nan haƙƙinta ne ko ta yarda a yi bincike ko bata yarda ba, kar wani ya mayar da shi sharaɗi.

Sai ka dubi kanka. Wanda ake zargi ɗan garinku ne, surukin abokinka ne, shi ya taimaka aka ɗauke ka aiki? Ka faɗa wa manaja a rubuce a ba wani kes ɗin. A Maiduguri ma'aikatan agaji kusan kowa ya san kowa, an yi aiki tare a wata ƙungiyar, ana haɗuwa a ɗaurin aure, in ka yi shiru daga baya aka gano to duk wahalar da ka sha ta tashi a banza ko da gaskiya ka rubuta.

Gargaɗi: kar ka kira mai ƙorafi a lambar da ta bari ka fara zuba bayani. Wayar ta miji ce ko ta maƙwabciya sau da yawa. Ka fara da tambayar ko da wa kake magana da kuma ko lokacin ya dace.

4. Izini da tsari

Baka fara bincike da ra'ayin kanka. Manaja zai baka takardar izini wacce ta faɗi abinda zaka bincika da iyakarsa da wa'adinsa. Kai kuma ka karkasa ƙorafin zuwa zarge-zarge ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka ɗaura shi da sashen ƙa'idar da ake cewa an karya. "Mutumin banza ne" ba zargi bane da za a iya bincika. "A watan azumi ya karɓi kuɗi a hannun mutane kafin ya sa sunansu a jerin masu karɓar abinci" wannan zargi ne, yana da lokaci da wuri da aiki.

A ƙarƙashin kowane zargi ka rubuta wace takarda zata nuna, wa ya gani, wa zaka fara ji. Sannan ka zauna da manaja ku auna haɗari: in magana ta fita me zai samu mai ƙorafi, mijinta zai sake ta ne, za a cire ta daga rabo ne, wanda ake zargi yana da hannu da masu tsaron sansanin ne? Shi ma wanda ake zargin akwai haɗari a kansa, a wasu wuraren jita-jita kaɗai ta isa a far masa. In ana ganin sai an ɗauke shi daga wurin ko an tura shi hutun dole, shugabanni ne zasu yi, kuma wannan ba hukunci bane.

5. Ka tsare takardu kafin kowa ya farga

Nan sababbi suka fi yin asara. Zancen duniya baya ɓuya, ranar da ka yi hira da mutum na farko ka ƙaddara ofis ya ji, daga nan fayil zai ɓace, a goge imel, littafin sito ya jiƙe da ruwan sama. Saboda haka takardu ne farko: jerin masu karɓar tallafi da takardun sa hannu, takardar dakon kaya, katin sito, littafin zirga-zirgar mota, rasit ɗin mai, takardun farashin 'yan kwangila, rajistar mai gadi. Ka nema ta hannun mutum ɗaya da manaja ya amince da shi, kuma ka nemi fiye da abinda kake buƙata, misali na wata shida na ofisoshi uku, don kar a gane inda ka dosa.

In sun zo ka zauna ka kalle su da ido sosai. A ce 'yan kwangila uku sun kawo farashi, kamfani daban-daban, amma duka ukun sun yi kuskuren rubuta kalma ɗaya iri ɗaya, ko lambar wayar da ke ƙasan biyu daga ciki ɗaya ce. Ko takardar rabo mai mutum ɗari biyu, ka ga dangwalen yatsa talatin a jere duk girmansu ɗaya, duk sun karkata gefe ɗaya. Ko littafin mota ya nuna bata fita ba ranar Lahadi amma ga rasit ɗin cika tanki na ranar. Irin waɗannan basu tabbatar da laifi ba tukuna, tambayoyi ne da zaka riƙe.

Duk abinda ka karɓa ka rubuta daga wa, yaushe, a ina, asali ne ko kwafi, ku sa hannu ku biyu. Asali ya shiga durowa mai makulli, kai ka yi aiki da kwafi, kar ka ja layi da biro a kan asali.

Gargaɗi: kwamfuta da wayar ofis ana iya duba su da izini ta hannun sashen kwamfuta, amma wayar mutum ta kansa baka da ikon ƙwacewa ko buɗewa. In shaida ya nuna maka saƙon WhatsApp da kansa, ka ɗauki hoton yadda lamba da rana zasu fito, da saƙonnin sama da ƙasa. In kuwa ka ci karo da hoton tsiraicin yaro ko yarinya, kar ka kwafa, kar ka tura wa kowa ko manajanka, ka tsaya nan take ka sanar a kira lauya.

6. Tafiya da tafinta da kuɗi

In kes ɗin a Monguno ne ko Dikwa ko Ngala ko Banki, galibi jirgi mai saukar ungulu na UNHAS, masu jigilar ma'aikatan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, za a bi, sai an yi rajistar kujera da wuri kuma hazo ko ruwa na iya soke tashi, don haka ka bar rarar kwanaki a tsarinka. Abinda zaka faɗa wa ofishin can ya zama gajere kuma ba ƙarya ba, "ziyarar aiki daga babban ofis" ya wadatar.

Kuɗin da ake warewa sune na masauki, na tafinta, na ɗakin da za a zauna, na motar shaidu, ruwa da ɗan abin taɓawa, sai rikoda da littafi. Duk ƙungiya ce ke biya. Kuɗin mota ka mayar wa shaida daidai abinda ya kashe ya sa hannu, ko sisi kar ka ƙara daga aljihunka komai tausayin da ya kama ka, gobe za a ce sayen shaida ka yi.

Tafinta kuwa kar ka ɗauko daga unguwar ko sansanin, kar ya zama ɗan bulama ko ma'aikacin ofishin da ake bincika. In mace za a ji, a samo mace. Ta sa hannu a takardar riƙe sirri, ku zauna tun kafin hira ka gaya mata ta fassara duk abinda aka faɗa yadda aka faɗe shi, banda taƙaitawa, banda gyara magana don kunya.

7. Hira da mai ƙorafi da shaidu

Jerin shine mai ƙorafi ko wacce abin ya shafa, sai shaidu daga na nesa zuwa na kusa da wanda ake zargi, shi kuma a ƙarshe. Ku kasance ku biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu. Wurin ita zata zaɓa ko a bata zaɓi, inda shigarta ba zai ja ido ba, kamar asibiti ko cibiyar mata, kar ka aika farar mota mai tambari ƙofar tantinta.

Ka fara da gaisuwa ta mutunci, ka faɗi sunanka da aikinka, ka gaya mata wa zai ga maganarta, tana iya tsayawa ko ta fasa duk lokacin da taso, kuma in zaka kunna rikoda sai ta yarda. Kar ka ce "ba wanda zai ji", ba gaskiya bane, ka ce waɗanda dole su sani ne kawai zasu sani. Kar ka yi alƙawarin za a kore shi ko za a bata wani abu.

Sai ka buɗe mata fili: "Mama, ki bani labarin ranar rabon nan, tun daga fitowarki daga gida." Ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, bakinka zai riƙa ƙaiƙayi ka taimaka mata da kalma, ka daure, in ta tsaya ka ce "sai me ya faru?" kawai. Sai ta gama kaf sannan ka koma kan gaɓoɓin ɗaya-ɗaya. Abinda ba a yi shine ka ce "shine yace in baki yarda da shi ba zai cire sunanki ko?" domin ka riga ka sa mata amsa a baki, kuma mutanenmu da kara, zata ce eh don kar ta musa wa baƙo.

Mutane da yawa basa riƙe kwanan wata, kar ka matsa. Ka tambaya kafin azumi ne ko bayan sallah, damina ce ko lokacin sanyi, ranar kasuwa ce, an yi la'asar ko ba a yi ba. Kuma in tace "ya neme ni" ko "ya ɓata ni", kar ka rubuta fassarar da ke kanka, ka ce a hankali "ki yi haƙuri, don kar in rubuta abinda baki nufa ba, me ya yi?" Tambayar "me yasa kika je?" ko "me yasa baki faɗa da wuri ba?" ka cire su gaba ɗaya, zargi ne a kunnenta. In labarinta ya zo a hargitse, ta manta wani abu ta tuno daga baya, hakan na faruwa ga wanda ya shiga tashin hankali, ba alamar ƙarya bace.

A ƙarshe a karanta mata abinda aka rubuta cikin yarenta, ta gyara, ta sa hannu ko ta dangwala. Ka tambaye ta ta wace hanya za a neme ta lafiya, ka bata lambar da zata kira in wani ya tsorata ta.

Gargaɗi: sabon mai bincike baya hira da yaro, akwai waɗanda aka horar don haka. Kuma shaida kar ka bashi labarin abinda wani shaidan ya faɗa, tambaya ka zo yi.

8. Wanda ake zargi

Shi ma yana da haƙƙi, kuma wallahi in ka tauye shi kes ɗin zai rushe a gaba. A sanar da shi a rubuce gwargwadon tsarin ƙungiya, a faɗa masa zargin yadda zai iya kare kansa ba tare da an tona wanda ya kai ƙara ba in hakan zai yiwu, a gargaɗe shi kan neman shaidu ko ramuwar gayya. Ka girmama shi, Malam ko Hajiya ko Yallaɓai yadda aka saba kiransa, banda tsawa, banda ƙaryar cewa kana da hujjar da baka da ita.

Ka bari ya bada nasa labarin tukuna, yadda ake zaɓen ɗan kwangila, wa ke riƙe makullin sito, ina yake ranar. Sai ya gama ka ɗauko takardun ɗaya bayan ɗaya: "Malam, ka ce motar bata fita ranar Lahadi ba, ga rasit na ranar da sa hannunka, ka yi min bayani." Duk abinda yace ka rubuta. In ya kawo shaidunsa ko takardunsa dole ka bi su da irin ƙwazon da ka bi na mai ƙorafi, wani lokacin bayaninsa gaskiya ne kuma kai ne zaka wanke shi.

Zai iya kuka, zai iya haɗa ka da Allah da iyayenka, zai iya turo dattijo gidanku da daddare. Ka gaishe da dattijon ka ce baka da ikon magana a kai, da safe ka rubuta wa manaja abinda ya faru.

9. Auna hujja da rubuta rahoto

Yawancin ƙungiyoyi da rinjayen hujja suke aiki, wato ya fi yiwuwa abin ya faru a kan bai faru ba, ba irin tabbacin kotun laifi ba. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman hujja mafi ƙarfi kafin kora, don haka ka duba wanne ne a tsarinku. Kowane zargi ka jera abinda ke goyon bayansa da abinda ke karya shi, ka duba wa ya gani da ido wa ya ji a bakin wani, maganar wa ta dace da takarda.

Sakamako uku ne: an tabbatar, ba a tabbatar ba don hujja bata isa ba, ko hujja ta nuna bai faru ba. Na biyun nan baya nufin mai ƙorafi ta yi ƙarya, ka rubuta shi ƙarara don kar wani manaja ya juya kanta.

Rahoton ya zama gajerun jimloli, kowace magana da lambar hujjarta, sunaye a sauya su da Shaida A da Shaida B, makullin sunayen a fayil daban mai kalmar sirri. Banda "a ganina mugu ne", banda shawarar a kore shi sai in tsarinku ya nema. Ramukan da ka gano a tsarin aiki, kamar mutum ɗaya ke rubuta suna kuma shi ke rabo, ka sa su a takarda daban zuwa ga shugabanni. Kai kes ga 'yan sanda ko EFCC ko hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP, da sanar da masu bada kuɗi, shawarar shugabanni da lauya ce, kuma in babbar mace ce abin ya shafa ana duba ra'ayinta da tsaronta kafin a ɗaga ƙafa.

10. Bayan ka miƙa

Ka tabbata an koma wa mai ƙorafi an gaya mata an kammala da abinda tsari ya yarda ta sani, ana yawan mantawa da wannan kuma shine ke sa mutane su daina kawo ƙara. A sake tuntuɓarta bayan 'yan makonni ta hanyar da ta zaɓa, a duba sunanta yana nan a jerin rabo, shaidun da ke ma'aikata kuma a duba ba a sauya musu wurin aiki ko an ƙi sabunta kwantiraginsu ba. Ka goge duk abinda ya rage a wayarka da rikoda bayan an ɗora shi a rumbun ofis, takardun hannu su koma durowa.

Kai ma abinda kunnenka ya ji zai biyo ka gida, barci zai iya gagara bayan kes na lalata, kuma baka da damar faɗa wa matarka ko mijinki ko abokan hira. Yawancin manyan ƙungiyoyi suna da mai ba ma'aikata shawara a sirrance, ka nemi lambarsa tun makon farko, kuma in an haɗa maka irin wannan kes biyu a jere ka gaya wa manaja a sa maka na takardu a tsakani.